Mai harhaɗa magunguna da jita-jitar lafiya: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa nauyin gyara jita-jitar lafiya ya hau wuyan mai harhaɗa magunguna?

Domin shi ne ma'aikacin lafiyar da ake iya gani ba tare da yankar kati ko dogon layi ba. Sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe da mara lafiya zai yi magana da shi kafin ya haɗiyi ƙwaya. Ƙaryar da ta wuce ta gabansa, jiki za ta shiga.

Wace ƙarya ce ta fi zuwa gabansa?

Ta yau da kullum ita ce wai antibayotik yana maganin mura. Bairos ne ke kawo mura, shi kuwa antibayotik bakteriya yake kashewa. Shan sa babu dalili yana sa bakteriya su daina jin magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019 kaɗai.

Sai ta rigakafi. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya danganta allurar MMR, wadda ta haɗa da rigakafin ƙyanda, da cutar galahanga (autism) a wani rubutu da mujallar Lancet ta buga, bayan duba yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke lasisinsa. Amma har gobe maganar tana yawo a wayoyin mutane, kamar jiya aka faɗe ta.

To idan mutum ya zo da irin wannan labari, yaya za a yi da shi?

A nan aikin yake. Ga uwa ta miƙo waya, saƙon murya yana tashi, hannunta ɗaya riƙe da katin rigakafin ɗanta. Idan mai harhaɗa magungunan ya yi tsaki ko ya ce mata jahilci ne, ta tafi ke nan, kuma mai saƙon muryar ya ci riba. Gara ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Malama, me ya fi tayar miki da hankali a ciki?" Tsoro ne ya kawo ta, tsoron kuwa na uwa ne, abin a girmama shi. Daga nan ya fara da gaskiyar, ya ambaci ƙaryar sau ɗaya tak, ya nuna inda ta gurgunce, ya sake komawa kan gaskiyar da kalmomin da za ta iya maimaita wa mijinta a gida.

Ya kamata ya faɗi illar magani, ko hakan zai ƙara tsorata mutane?

Ya faɗa. Allura kan kawo zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Idan ya ɓoye, daren da jikin yaron ya yi zafi uwar za ta ce ashe mai saƙon ne ya faɗi gaskiya. A ganina, ɓoye ƙaramar illa ya fi jita-jita zubar da amana.

Idan mutum ya kafe fa?

Kada a yi baran-baran da shi. A rabu da mutunci, a ce ya dawo duk lokacin da ya so. Sai dai idan antibayotik yake nema babu takardar likita, amsar a'a ce, ko da zai tsallaka wani kantin. A bayyana masa dalili, a ba shi abin da zai sauƙaƙa masa murar, a kuma gaya masa alamomin da idan ya gani ya garzaya asibiti: wahalar numfashi, ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka.