Saita jet ɗin kafiretar babur a wurare masu tsayi

Saita jet shi ne canza 'yan ƙananan ƙarafunan nan masu huda da ke cikin kafireta, waɗanda fetur ke bi ta cikinsu ya je ya gauraya da iska, domin man da injin ke sha ya dace da iskar wurin da babur yake. Ana buƙatarsa ne idan babur zai yi aiki a kan tsaunuka ko tudu mai nisa daga matakin teku, saboda iskar can ba ta da kauri, ita kuwa kafireta ba ta da yadda za ta gane hakan, sai mai ya yi wa injin yawa.

Dalili

Injin fetur yana ƙona mai da kyau ne idan iska ta kai kusan ninki 14.7 na man, a nauyi. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iska ko a ƙasa ko a sama, abin da ke raguwa shi ne kaurin iskar kanta: a mita 1,500 ta koma kusan kashi 86 cikin ɗari na yadda take a bakin teku, a mita 3,000 kusan kashi 74, a mita 5,000 wajen kashi 60. Man da jet ke bayarwa shi ma yana ɗan raguwa amma bai kai raguwar iskar ba, shi ya sa a mita 3,000 gaurayen ke yin yawan mai da wajen kashi 15. Ƙarfin injin kuma yana faɗuwa kusan kashi 3 a duk mita 300, kuma wannan kam jet ba ya dawo da shi, iyakarsa ya hana a ƙara asara a kan asara.

Tarihi

Tushen abin ya girmi babur nesa ba kusa ba. Daniel Bernoulli ya yi bayani a 1738 cewa ruwa ko iska idan ya ƙara gudu matsinsa yana raguwa, sai Giovanni Battista Venturi ɗan Italiya ya wallafa gwaje-gwajensa kan bututu mai matsattsen wuya a wajajen 1797, kuma wannan wuyan ne har yau ke tsotso mai daga jet. Baburin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera a Jamus a 1885 ba irin jet ɗin yanzu gare shi ba, tururin fetur iska ke kwasowa kawai ta shiga injin. Kafireta mai fesa mai ta ƙaramar huda ta bayyana ne a 1893, wasu na ba Maybach, wasu na ba Donát Bánki da János Csonka na Hungari. Ba a daidaita kan wanda ya riga ba.

Waɗanda matsalar tsayi ta fara damu sosai su ne masu jirgin sama, musamman lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, da jirage suka riƙa hawa dubban mitoci cikin 'yan mintuna, dole aka ba matuƙi hannun rage mai yana cikin tafiya. Baburan Ingila na farko-farko su ma suna da wani abu mai kama da haka, liba biyu ne a kan hannu, ɗaya ta totur ɗaya ta iska, mai babur da kunnensa yake daidaita su. Kamfanin Amal, wanda aka kafa a Birmingham a wajajen 1927, ya daɗe yana riƙe da libar iskar nan. Daga baya kafiretoci irin na Mikuni da Keihin na Japan da Dell'Orto na Italiya da Bing na Jamus suka sauƙaƙa tuƙi, sai dai gyaran ya koma ciki, sai an kwance. Kafireta nau'in CV, wadda tsotson injin ke ɗaga silaid ɗinta (ƙarfen da ke buɗe hanyar iska) ba waya kai tsaye ba, ta shigo babura a shekarun 1960, Honda CB450 ta 1965 na cikin na farko, kuma tana ɗan rage matsalar da kanta amma ba duka ba.

Tseren hawa dutsen Pikes Peak a Kolorado ta Amurka, da aka fara a 1916, yana tashi daga wajen mita 2,860 ya ƙare a 4,302, don haka jet ɗin da ya yi daidai a farawa ya yi yawa a ƙarshe, a zamanin kafireta makanikai sai dai su zaɓi tsaka-tsaki.

Alamomi

Babur ya yi nauyi, ka murɗa totur ya riƙa shaƙewa yana tari, salansa na warin ɗanyen fetur wani lokaci har da baƙin hayaƙi, silo ba ya tsayawa. Idan aka ciro fulogi za a ga bakinsa baƙi ƙirin da busasshiyar kunkunniya mai goguwa a yatsa. Wanda ya yi daidai ruwan ƙasa-ƙasa yake fitowa, fari fat kuwa mai ne ya yi kaɗan.

Yadda ake saitawa

Kowane sashe da inda yake aiki. Ƙaramin jet da sukurunsa su ke riƙe da silo zuwa kwatan totur, allura (siririn ƙarfe mai tsini da ke shiga hudar mai) daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet daga nan zuwa ƙarshe. Da babban ake farawa, a sauka lamba ɗaya, a hau a gwada, kada a canza abu biyu lokaci guda don ba za a san wanda ya yi aiki ba. A lissafi hudar tana son ragin kusan kashi 7 na faɗinta a mita 3,000, wato jet ɗin Keihin mai lamba 120 ya koma wajen 112, sai dai sanyin kan dutse yana ƙara wa iska kauri, so da yawa ba a sauka har can. Lambobin ma ba ɗaya ba ne, na Keihin faɗin huda suke nunawa, wasu na Mikuni yawan man da ke wucewa.

Allura galibi tana da tsaga biyar a kanta da ɗan kilif, idan aka mayar da kilif ɗin tsagar sama allurar za ta sauka ta rage mai. Kilif ɗin nan ƙarami ne kuma yana tsalle, gara a cire shi a cikin leda ko a kan farin ƙyalle. Sukuru kuma iri biyu ne: na ɓangaren filta iska yake sarrafawa, a warware shi mai ya ragu, na ɓangaren injin mai yake sarrafawa, shi ɗaure shi ake yi mai ya ragu. A tabbatar filta na da tsabta kafin komai, don toshewarta alamomi iri ɗaya take bayarwa.

Haɗarin gaske yana wajen saukowa. Jet ɗin da aka rage idan ya tarar da iska mai kauri sai mai ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi, fistin na iya hudewa ko ya kame, musamman a injin tu-sitirok. Saboda haka mai hawa ya sauko rana ɗaya gara ya bar jet ɗinsa yadda yake.

A yau

Tun wajajen 1980 injekta, wadda ke fesa wa injin mai a maimakon kafireta, ta fara shigowa babura, tana da na'urar auna matsin iska da ke gyara man da kanta.