Inji na ihu a tsaye, giya kuma na jinkirin shiga: ina matsalar take?

Masu tsofaffin motoci otomatik a Sakkwato, irin su Camry, Corolla da Accord na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, sukan zo gareji da kuka biyu a tare: inji ya ƙi sauka idan mota na tsaye, a kan hanya kuma sai ta ja giya ta ja kafin ta canza. Yawanci cuta ɗaya ce, kuma ba a cikin giyabos take ba.

Tambaya: Nawa ne gudun inji na daidai idan mota na tsaye?

Amsa: Idan injin fetur ya ɗauki zafinsa, allurar da ke nuna juyin inji ta zauna tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti. Da sanyin safiya, musamman cikin hunturu, za ta iya hawa 1,200 ko 1,500, sannan ta sauko cikin 'yan mintoci. Wannan ba laifi ba ne. Laifi shi ne a yi tafiyar minti ashirin, a tsaya, a kashe na'urar sanyi, allura na nan sama da 1,000.

Tambaya: Me ya haɗa ihun inji da canjin giya?

Amsa: Giyabos ba ya ganin hanya, labari ake ba shi. Abu uku yake saurara: yadda aka taka totur, gudun mota, da zafin inji. Idan sensar totur, wato 'yar na'urar da ke auna yadda aka taka shi, ta ce ƙafarka na kan totur alhali ka ɗaga, kwamfutar mota za ta ɗauka kana son ƙarfi ne, sai ta riƙe giyar ƙasa. Idan kuma aka ce mata inji na da sanyi, sai ta ɗaga gudunsa, ta hana giyar ƙarshe shiga. Saƙon ƙarya ɗaya, alama biyu. Shi ya sa abin takaici ne a ga an sauke giyabos lafiyayye saboda sensar da ba ta kai girman kwalin ashana ba.

Tambaya: To, daga ina za a fara?

Amsa: Daga abin da ba ya cin kuɗi. A duba ko tabarmar ƙasa ta danne totur. A buɗe bonet a taɓa wayar totur: dole ta kasance da ɗan sako-sako, ba a ɗaure tamau ba, bakin totur kuma ya koma ya rufe da kansa. Daga nan a bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya. Zafin Sakkwato, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da roba har ta tsage, galibi a gindin tiyo, wurin da ido bai cika kaiwa ba. Lanƙwasa shi da yatsa, za ka ga tsagar ta buɗe baki. Kada a manta da babban tiyon da ke zuwa bustar birki da gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa cikin inji. Inji na aiki, a fesa ɗan man wanke kafireto a inda ake zargi. Idan sautin inji ya canza, nan iska ke satar shiga. A yi hattara, man nan yana kama wuta, a nisanta shi da salansa.

Sai wanki. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su zama baƙin danƙo a bakin totur da cikin bawul ɗin da ke daidaita iskar tsayuwa, har ya maƙale a buɗe. A cire, a wanke, a sa sabon gasket. Motar da toturta na lantarki ne takan ɗaga murya bayan wanki har sai kwamfuta ta sake koyon matsayinsa.

Tambaya: An ce in cire tamostat saboda zafin garinmu. Da gaske yana da hannu?

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma wannan al'ada ta ɓata motoci da yawa. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 90 da wani abu. Idan aka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗauki zafi, aka kuma haɗa fanka kai tsaye, ruwa na zagaya lagireto tun daga tashi. Da rana cikin cunkoso ba za ka lura ba. Amma ka kama hanyar Illela ko Tambuwal da asuba a watan Janairu, ka dubi allurar zafi: tana kwance a ƙasa. Toyota da yawa na wancan zamani ba sa sakin giyar ƙarshe sai ruwa ya kai wajen digiri 60. Sai mota ta yi ta kuka, tana shan fetur. Maganin zafi shi ne wanke lagireto, gyara fanka da canza murfin lagireto idan ya mutu. A mayar da tamostat wurinsa.

Sensar zafin ruwa ma takan yi ƙarya. A Toyota, idan sensar na da lafiya, mitar gwajin lantarki za ta nuna om (ma'aunin turjiyar wuta) 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80.

Tambaya: Yaya ake gwada sensar totur?

Amsa: Mai wayarin ya kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. Waya ɗaya na kawo volt 5. Wayar saƙo ta nuna wajen 0.5 idan totur na rufe, ta hau a hankali zuwa 4 ko 4.5 idan an buɗe duka. Idan lambar na tsalle, ko ta fara daga sama da volt 1, ko dai an saita sensar ba daidai ba ko ta lalace. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna karɓar na'urar bincike, mai nuna lambar matsala: P0507 gudun tsayuwa ya yi yawa, P0120 zuwa P0123 sensar totur, P0128 inji bai kai zafi ba, P0171 iska ta fi mai, P0500 sensar gudu.

Tambaya: Akwai waya ta biyu a jikin totur ɗina. Ta mece ce?

Amsa: Ita ce ke gangarawa giyabos a tsofaffin Toyota da Honda. Idan ta yi tauri, giya na shiga a makare da bugu. Idan ta yi sako-sako, giya na shiga da wuri tana zamewa, kuma wannan ya fi haɗari don yana ƙona kuloci. A saita ta bisa ma'aunin littafin motar, ba da ka ba.

Tambaya: Yaushe za a ce giyabos ɗin ne da kansa?

Amsa: Idan gudun tsayuwa ya daidaita amma jinkiri bai tafi ba. A zaro sandar man giya a goga a farin ƙyalle. Ja mai haske lafiya. Baƙi mai ƙauri, ko mai ƙyallin garin ƙarfe, alamar cikin giyabos ya lalace. A Toyota ana auna yawan man giya yayin da inji ke aiki, giya a P. Honda kuwa sai an kashe inji da zafinsa. Tsiyaya ɗaya takan fitar da lita biyu zuwa uku da rabi, a mayar da daidai abin da ya fita, da irin man da aka rubuta a sandar ko littafi, don man Honda daban yake da man giya na gama-gari da ake kira Dexron. Idan bayan haka allura na tashi sama tsakanin giya da giya mota ba ta ƙara gudu, a gwada solinoid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya, da ƙarfin matsin mai kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.