Ƙarfen da ke cikin jini: waiwaye kan binciken shekara ɗari uku

Duk macen da ta je awon ciki a Gombe, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko a ƙaramin asibitin Kumo ko Bajoga, da wuya ta koma gida ba a ba ta ƙananan ƙwayoyin nan da kowa ke kira maganin ƙarin jini ba. Abin da ke cikin ƙwayar ƙarfe ne, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa ayon, kuma asalinsa ɗaya da wanda maƙera ke sarrafawa, sai dai an haɗa shi da wani sinadari don ya narke a ciki. Jikin baligi yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na ƙarfe, abin da bai wuce nauyin ƙusa matsakaiciya ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, inda yake kama iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga sauran gaɓoɓi. Wannan bayani da ɗalibin sakandare ke haddacewa a yau sai da ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari uku kafin su kai gare shi, kuma a kan hanya sun yi kurakuran da aka rasa rayuka a dalilinsu.

Magani ne ya riga fahimta. A Turai an daɗe da sanin wata cuta da ke kama 'yan mata masu tasowa, su yi fari fat, su riƙa haki da kasala. A shekarar 1681 likitan Ingila Thomas Sydenham ya rubuta cewa garin ƙarfe da aka jiƙa a ruwan inabi yana dawo musu da kuzari, alhali shi kansa bai san cewa akwai ƙarfe a jini ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 18 ne Vincenzo Menghini, a birnin Bolonya na Italiya, ya ƙona jini har ya zama toka, ya kusantar da mayen ƙarfe, ya ga tokar tana manne masa, sannan ya nuna cewa ƙarfen ya taru ne a jajayen ƙwayoyin. A 1832 Pierre Blaud na Faransa ya haɗa ƙwayar da za a iya kira kakar wadda ake rabawa a ɗakin awo yanzu. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, domin a ƙarshen ƙarni na 19 wani babban masani, Gustav von Bunge, ya dage cewa hanji ba ya iya tsotse irin wannan ƙarfe, kuma girman sunansa ya sa likitoci da dama suka yi sanyi da maganin. An kashe maganar ne a 1932, lokacin da Heath da Strauss da Castle a Boston ta Amurka suka yi wa marasa lafiya allurar ƙarfe, suka auna, suka tarar kusan duk abin da suka zuba ya koma himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launinsa ja.

A ganina, binciken da ya fi kowane muhimmanci a wannan tarihi shi ne wanda Robert McCance da Elsie Widdowson suka wallafa a Ingila a 1937. Sun gano cewa jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfe idan ya yi yawa. Gishiri ko ruwa idan sun wuce kima ƙoda tana zubar da su, amma ƙarfe in ya shiga ya shiga ke nan, sai ɗan abin da ke fita ta zubar jini ko saɓar fata da ta hanji. Saboda haka duk tsaron yana bakin ƙofa: hanji yana karɓar miligiram 1 zuwa 2 kacal a rana, yayin da jiki ke sake amfani da miligiram 20 zuwa 25 daga tsofaffin ƙwayoyin jini da suka cika kwana 120 nasu. A wannan shekarar ce kuma Vilém Laufberger ya fitar da feritin daga saifar doki, wato rumbun da jiki ke adana ƙarfe a ciki, kuma kafin ƙarshen shekarun 1940 aka gano tiransferin mai dakonsa a cikin jini. Jiki ba ya barin ƙarfe ya yi yawo sakaka, domin sakakken ƙarfe yana lalata ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi.

Daga nan aka fara fahimtar cutar yawan ƙarfe. Tun a 1929 wani likita mai suna Strachan ya ba da rahoton tarin ƙarfe a hantar mutanen da suka rasu a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, daga baya aka danganta abin da giyar gargajiya da ake dafawa a tukwanen ƙarfe. A 1996 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa irin wannan taruwa a tsakanin Turawa. Mu a nan abin ya fi shafar masu sikila, domin kowace ledar jini da aka ƙara wa mutum tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, kuma yaron da aka yi ta ƙara wa jini shekara da shekaru yana iya tara abin da zai illata hantarsa da zuciyarsa. Yana da zafi a ga uwa ta sayo wa irin wannan yaro kwalbar maganin ƙarin jini a kemis saboda ta ga idonsa ya yi fari, da kyakkyawar niyya, ba ta san cewa ƙwayoyin jininsa fashewa suke yi ba, ƙarfen kuwa yana nan jibge.

Wani darasin daga maƙwabtanmu ya fito. A lokacin farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, likita John Murray da iyalinsa suna aiki a wani asibiti a gabashin Nijar, sai suka lura cewa mutanen da yunwa ta galabaitar, har da 'yan jinya da suka zo lafiyarsu ƙalau, suna kamuwa da zazzaɓin cizon sauro 'yan kwanaki bayan sun fara samun abinci, daidai lokacin da ƙarfen jininsu ya tashi. Sun wallafa wannan a 1975, kuma a 1978 suka ga makamancinsa a tsakanin makiyayan Somaliya da aka ba ƙwayar ƙarfe. Ƙwayar cuta ita ma ƙarfe take buƙata don ta hayayyafa. A Zariya kuwa, Alan Fleming da Kelsey Harrison da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada magunguna a kan matan Hausawa 200 masu cikin fari, sakamakon da suka fitar a 1986 ya nuna cewa kare mace daga zazzaɓin cizon sauro yana da babban tasiri wajen hana mummunan ƙarancin jini. Ba a ba waɗannan bincike nauyin da suka cancanta ba sai da abin ya faru a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda aka sa yara ƙanana fiye da 24,000 a wani gwaji, aka kuma dakatar da ba da ƙarfen a 2003 saboda waɗanda ke shan sa sun fi sauran kwanciya a asibiti ko rasuwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai a 2016 shi ne a ci gaba da ba yara ƙarfe a yankunan sauro, amma tare da rigakafi da gwaji da maganin zazzaɓin. Wannan tunani ne ya sa ungozoma ke haɗa wa mai ciki ƙwayar ƙarin jini da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi guda uku da gidan sauro.

Bayanin da ya ɗinke waɗannan abubuwa ya zo ne tsakanin 2000 da 2001, da aka gano hefsidin, wani sinadari da hanta ke fitarwa. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz da abokan aikinsu suka nuna cewa hefsidin yana rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji da rumbunansa zuwa jini. Idan jiki ya ƙoshi da ƙarfe, ko cuta ta kama shi, hefsidin ya hau, ƙofa ta rufe, ƙwayar cuta ta rasa abinci. Ke nan yaron da zazzaɓi ke ci, ko an ɗura masa maganin ƙarin jini kaɗan ne zai shiga, sai an fara kashe zazzaɓin. Masu bincike a Suwizalan sun kuma nuna a 2015 da 2017 cewa ƙwayar ƙarfen kanta tana tayar da hefsidin na kusan kwana guda, har mata marasa ciki da ke sha rana ɗaya su tsallake ɗaya suka fi tsotse kaso mai yawa. Ga masu ciki dai ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid, wani bitamin da jiki ke buƙata wajen ƙera jini, domin ciki ɗaya yana cin kusan miligiram 1,000.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Ba duka ne rashin ƙarfe ya jawo ba, akwai hannun zazzaɓi da sikila da tsutsar ciki da tsargiya, wadda ke damun yaran da ke wanka a bakin ruwa irin na Dadin Kowa. Amma abincinmu ma yana da nasa kaso. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe, sai dai suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsewa, kuma jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami suna rage wannan sinadari, abin da iyayenmu mata ke yi tun kafin a san dalilinsa. Tun 1975 aka tabbatar cewa shayi a kan abinci yana rage shigar ƙarfe ƙwarai, yayin da lemu da gwaiba da garin 'ya'yan kuka ke ƙara ta, ƙarfen hanta da nama da kifi kuma ya fi na ganye saurin shiga. Haɗin lemon malt da madara da ake ba mai jego da sunan ƙarin jini ba shi da wani ƙarfen kirki, sinadarin da ke cikin madara ma tauye shigarsa yake yi.

Binciken ya matso kusa da mu a 'yan shekarun nan. A 2018 aka saki wani irin gero mai yawan ƙarfe mai suna Chakti ga manoman Nijar. A asibitocin Legas da Kano kuma, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bosede Afolabi, an kwatanta ƙarfen da ake ɗurawa ta jijiya sau ɗaya da ƙwayar da ake sha kullum a kan mata masu ciki fiye da 1,000. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna cewa na jijiyar ya fi cika rumbun ƙarfen jiki, amma a mako na 36 fiye da rabin matan kowane rukuni suna nan da ƙarancin jininsu.