Manhajar satar bayanai mai shigar burtu da sunan VPN

Manhajar satar bayanai mai shigar burtu da sunan VPN wata muguwar manhaja ce da ake yi wa suna da tambari irin na VPN, domin mutum ya sauke ta da hannunsa ya saka a wayarsa ko kwamfutarsa. VPN na gaskiya yana kulle bayanan da ke fita daga na'ura ne, ya bi da su ta wata sabar (babbar kwamfuta) da ke nesa, ta yadda kamfanin sadarwa ba zai ga inda mutum ya shiga ba. Na bogin yakan yi wannan aikin shi ma, kuma abin da ke sa a daɗe ba a gane shi ba ke nan. Shafin da aka toshe yana buɗewa, amma ta ƙarƙashin ƙasa manhajar tana kwashe kalmomin sirri, saƙonni da bayanan banki tana aika wa masu ita.

Dalilin zaɓen VPN

Mai saka VPN ya riga ya amince duk abin da yake yi a intanet ya ratsa ta cikin manhajar, don haka idan ta nemi izini mai faɗi ba ya zargin komai. Sannan yawancin masu nemansa cikin gaggawa suke, an rufe musu wani shafi ko suna son na kyauta. An ga haka a Najeriya lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, inda jama'a da yawa suka yi rububin sauke duk VPN ɗin da suka ci karo da shi. Akwai kuma al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ko a zaurukan WhatsApp da Telegram, musamman waɗanda ake cewa suna ba da data kyauta. Fayil ɗin da ya zo ta wannan hanya ba a san hannun da ya taɓa shi ba.

Shahararrun misalai

A watan Agustan 2019 kamfanin tsaro na Doctor Web ya gano wani shafi da aka kwaikwayi na NordVPN. Wanda ya sauke manhajar daga can yana samun NordVPN na gaske, amma an liƙa masa wata manhajar satar bayanan banki mai suna Bolik. A farkon 2020 Kaspersky ya ba da rahoton irin wannan dabara da sunan ProtonVPN, inda abin da ke ciki shi ne AZORult, mai kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza da bayanan asusun kirifto.

A wayoyin Android, kamfanin ESET ya bayyana a Nuwamban 2022 cewa wani gungu da ake kira Bahamut ya ɗauki manhajojin SoftVPN da OpenVPN ya cusa musu lambobin leƙen asiri. Waɗannan suna amfani da izinin Accessibility, wanda aka tanada don taimaka wa masu larurar gani, su karanta hirarrakin WhatsApp, Telegram da Signal daga fuskar wayar. Ma'aikatu ma ba su tsira ba: a Yunin 2025 SonicWall da Microsoft sun sanar da gano jabun manhajar NetExtender, wato VPN na kamfanin SonicWall, da ke sace sunan shiga da kalmar sirrin ma'aikata.

Mafi girma cikin waɗanda aka bankaɗo shi ne 911 S5. A watan Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar da kama wani ɗan ƙasar Sin mai suna YunHe Wang a Singafo, bisa zargin tafiyar da wannan tsari da ya shafi adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200. An yaɗa shi ne ta VPN na kyauta guda shida: MaskVPN, DewVPN, PaladinVPN, ProxyGate, ShieldVPN da ShineVPN. Aikinsa ya ɗan bambanta da na sauran, domin layin intanet ɗin mai kwamfutar ake haya wa 'yan damfara, su aikata laifi da adireshinsa. Idan aka bi sawu, gidan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba za a tarar.

Yadda ake gane ta

Alamar da ta fi ƙarfi ita ce inda manhajar ta fito. Adireshin shafi da aka ƙara wa harafi ko aka canja masa ƙarshe, tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, da fayil ɗin APK (na saka manhaja a Android) da aka turo a zaure, duk abin zargi ne. Kasancewar manhaja a Play Store ma ba cikakkiyar shaida ba ce, domin a 2024 kamfanin HUMAN Security ya bayyana cewa ya gano manhajoji 28 a can masu mayar da waya hanyar da wasu ke bi su shiga intanet, 17 daga ciki da sunan VPN na kyauta.

Na biyu shi ne izinin da take nema. VPN ba shi da abin yi da saƙonnin tes, lambobin mutane, makirufo ko Accessibility. A kwamfuta kuma, duk manhajar da ta ce sai an kashe rigakafin na'ura kafin a saka ta, ta riga ta tona wa kanta asiri. Zafin waya, saurin ƙarewar batir da zurarewar data alamu ne masu rauni, tunda tsohon batir ma yana kawo su. Abin da ya fi su nauyi shi ne saƙon lambar tabbatarwa da mutum bai nema ba, ko sanarwar an shiga imel ɗinsa daga wata ƙasa.

Cire ta

Da farko a katse intanet. A Windows, a buɗe Task Manager a duba ayyukan da ke gudana. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta wallafa sunayen na 911 S5, kamar mask_svc.exe na MaskVPN da dew_svc.exe na DewVPN. A tsayar da su, a cire manhajar daga jerin waɗanda aka saka, a goge jakarta da ta rage, sannan a yi binciken Microsoft Defender Offline, wanda ke duba na'urar kafin Windows ta gama tashi. A leƙa ƙarin manhajojin burauza su ma. A Android, idan maɓallin cirewa ya ƙi dannuwa, yawanci manhajar ta karɓi matsayin mai kula da na'ura ne, sai an janye wannan izinin da na Accessibility, ko a tayar da wayar a Safe Mode, yanayin da manhajojin da aka sauke ba sa aiki. Idan shakka ta rage, a kwashe hotuna da takardu kawai, a mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani.

Sai dai goge manhajar ba ya dawo da abin da ta riga ta aika, kuma irin su AZORult cikin ɗan lokaci suke gama kwasa. Saboda haka a yi amfani da wata na'ura mai tsabta a canja kalmomin sirri, a fara da imel tunda ta nan ake sake saita sauran. Canjin kaɗai bai wadatar ba, domin ɓarayin kan sace ƙananan fayilolin da burauza ke ajiyewa don tuna cewa mutum ya riga ya shiga, kuma da su ake buɗe asusu ba tare da kalmar sirri ba. Dole a zaɓi fita daga duk na'urori a Google da Facebook, a duba na'urorin da aka haɗa da WhatsApp, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Mai asusun kirifto ya buɗe sabo ya mayar da kuɗinsa can, wanda kuma ya taɓa rubuta lambar katinsa a na'urar ya kira bankinsa a toshe katin a ba shi wani.