Waiwaye: Rahoton Uwais da gyaran zaɓen da Yar'adua bai ga ƙarshensa ba

Duk lokacin da aka tashi gyaran dokar zaɓe a Najeriya, muhawara ɗaya ce take dawowa: wa ya kamata ya naɗa shugaban hukumar zaɓe ta INEC, wa zai hukunta masu sayen ƙuri'a, me ya sa ake rantsar da mutum alhali ƙararsa tana kotu? Matasa da yawa sun ɗauka yanzu aka fara wannan magana. Tun zamanin marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa Yar'adua aka rubuta amsoshinta.

Tarihinsa sananne ne. An haife shi a Katsina a 1951, ya karanci ilimin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar, ya bi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007. Ana tuna shi da bayyana kadarorinsa a fili da kuma afuwar tsagerun Neja Delta ta 2009.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne jawabinsa na 29 ga Mayu, 2007. Ranar da aka rantsar da shi, da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Ba kasafai mai nasara ke faɗin haka ba. Cikin Agusta ya kafa kwamiti mai mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Muhammadu Lawal Uwais, kuma Farfesa Attahiru Jega yana ciki. Kwamitin ya zaga ƙasa ya saurari jama'a, ya miƙa rahotonsa ranar 11 ga Disamba, 2008. Washegari Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Yar'adua, alƙalai huɗu suka amince, uku suka ƙi.

Rahoton ya ce Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce za ta tallata kujerar shugaban INEC ta tace masu nema, a raba wa hukumar ayyukan da suka yi mata yawa, a kafa hukuma ta musamman don laifukan zaɓe, a bar ɗan takara ya tsaya ba tare da jam'iyya ba, a kuma gama shari'a kafin rantsuwa.

A ganina a nan aka yi asara. Mafi yawan waɗannan shawarwari sai an taɓa kundin tsarin mulki, wato sai Majalisar Tarayya ta amince da kashi biyu cikin uku, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su bi baya. Aiki ne mai buƙatar shekaru da ƙoshin lafiyar mai tura shi, ga shi an rataya shi a wuyan mutum guda. A Nuwamba 2009 aka kai Yar'adua asibiti a Jidda, Allah Ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayu, 2010. Allah Ya jiƙansa.

Ba duka aka rasa ba. Gyaran 2010 ya ba INEC damar karɓar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma sa wa kotun ƙararrakin zaɓe wa'adin kwana 180. Amma batun naɗin shugaban hukumar, da hukumar laifukan zaɓe, da takara ba tare da jam'iyya ba, duk suna nan a takarda. Mai shari'a Uwais ya rasu a Yunin 2025 bai ga sun zama doka ba.