Saukar sabon baƙo a filin jirgin saman Amurka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na masu bizar zama na dindindin ne, kuma tambayoyin sun maimaitu har sun ishe ni, saboda haka a karanta da kyau kafin a sake yin su.

Zan iya buɗe ambulan ɗin da ofishin jakadanci ya ba ni?

A'a. Jami'in CBP, wato hukumar kwastan da tsaron iyakokin Amurka, ne kaɗai zai buɗe shi. Ka riƙe shi a jakar hannu tare da fasfo, kada ka cusa shi cikin akwatin da za a auna.

Idan an kai ni wani ɗaki na daban, an kama ni ke nan?

Ba a kama ka ba, ka kwantar da hankalinka. A nan ake duba takardun sababbin baƙi, a tabbatar da adireshinsu, sannan a buga hatimi a fasfo. Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, ba tare da ƙari ko ragi ba.

Zan iya shiga da kilishi da kayan miya?

Kilishi da dambun nama ka manta da su, domin dokar hana shigo da cututtukan dabbobi ba ta duba cewa mahaifiyarka ce ta yi maka guzuri. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da irin shuka su ma galibi ƙwacewa ake yi. Inda maganar take da sarƙaƙiya shi ne busassun kaya irin su kuka, daddawa, yaji da busasshen kifi: sau da yawa ana barinsu su wuce, musamman idan an ɗaure su da tsabta kuma babu ƙwari a ciki, amma hukuncin yana hannun jami'in aikin gona da ya buɗe jakar, kuma abin da aka bar wa wani a New York ba lallai ne a bar maka shi a Atlanta ba. Ko dunƙulen ɗanɗano yana iya tsayar da kai idan akwai sinadarin nama a cikinsa. Shawarata ita ce ka bayyana duk abincin da ka ɗauko. Wanda ya bayyana, iyakarta a karɓe kayan a zubar. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce ta ɗaruruwan daloli a ranarsa ta farko a ƙasar. Ban ga dalilin jawo wa kai wannan a kan ƙullin yaji ba.

Kuɗi nawa aka yarda in shiga da su?

Ko nawa ne. Idan sun haura dala 10,000, a lissafin iyalin da suka zo tare, dole ne a bayyana su.

Ina da wani jirgin zuwa garin da zan zauna, me zan yi?

A filin da ka fara sauka ake tantance ka, kuma galibi a nan za ka ɗauki akwatinka ka wuce kwastan, sannan ka sake miƙa shi. Wanda ya bar awa ɗaya tsakanin jiragen biyu, kada ya zargi kowa idan jirgi na biyu ya tashi ya bar shi.

Yaushe za a ba ni katin zama?

Ba a filin jirgi ba. USCIS, hukumar kula da harkokin baƙi da zama ɗan ƙasa ta Amurka, tana aiko da shi ta gidan waya, bayan ka biya kuɗinta ta intanet. Kafin ya iso, bizar da aka buga wa hatimi ita ce shaidarka har tsawon shekara ɗaya, kuma idan adireshinka ya sauya, ka gaya wa jami'in CBP tun kana gabansa a filin jirgi.