Hoto da Sauti a Fim ɗin Katun da Ake Kallo a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa katun ke fitowa garau a wani faifan, a wani kuma sararin sama ya yi layi-layi?

Katun ba ya ɓoye aibi. A fim ɗin da aka ɗauka da kyamara akwai ƙura, inuwa da ɗan ƙaiƙayin hoto, wato 'yan ɗige-ɗigen jikin fim, da ke lulluɓe kurakurai. A katun kuwa launi shimfiɗaɗɗe ne. Ka dubi wurin da rana ke faɗuwa, inda ja ke narkewa cikin shuɗi sannu a hankali. DVD da Blu-ray na yau da kullum suna ba kowane launi matakai 256 ne kacal, faifan 4K kuwa 1024. Idan matakan suka gaza, ko aka matse fim ɗin fiye da kima, sai narkewar ta koma hawa-hawa kamar matattakala. Wuraren da ya fi bayyana su ne sama, ƙarƙashin ruwa, hayaƙi da dare. Nan ya kamata mai gwaji ya fara tsayar da hoton ya ƙura ido.

Mene ne ainihin bambancin DVD, Blu-ray da 4K?

DVD na tsarin PAL, irin wanda Najeriya ke bi, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, faifan kuma yana ɗaukar gigabait 4.7, ko 8.5 in mai hawa biyu ne. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, 1920 da 1080 ne, gigabait 25 ko 50. Faifan 4K na 2016 ya kai 3840 da 2160.

Amma yawan ɗigo ba shi ne komai ba. Katun na kwamfuta da yawa a 2K, kusan girman na Blu-ray, aka kammala su, sai aka faɗaɗa zuwa 4K. Ribar da ake samu a nan ta HDR ce: hasken fitila ya haska da gaske, duhu ya riƙe abin da ke cikinsa, launi ya narke ba hawa-hawa.

Faifan da aka cusa fim goma a ciki fa, ko wanda aka tura wa mutum a memori?

Lissafin kawai za a yi. Raba gigabait 4.7 gida goma, kowane fim ya samu kusan megabait 470. In fim ɗin minti 90 ne, abin da yake samu bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba, alhali DVD na asali yana iya kaiwa 9.8, Blu-ray 40. Shi ya sa da zarar an fara tsere ko ruwan sama, hoton ke farfashewa ya zama 'yan murabba'ai, gefen layin zane kuma ya yi ta ƙyalƙyali kamar sauro na yawo. A waya ba a cika gani ba. A talabijin mai inci 50 kuwa ba ya ɓuya, ko da an rubuta HD a sunan fayil ɗin.

Shin tsohon katun na zanen hannu yana gyaruwa idan aka “wanke” shi?

Ba kullum ba, kuma wannan abin takaici ne. Manhajar da ke share ƙaiƙayin fim ba ta bambance datti da siririn layin fensir. An soki Blu-ray ɗin Cinderella na 2012 saboda layukan rigar sun shafe, launuka kuma sun sauya. Gyaran 4K na 2023 ne ya dawo da su. Idan ka ga fuska sumul kamar roba, layin baki yana yankewa, to an wuce gona da iri wajen wanki. Ƙaiƙayin nan ba lalacewa ba ce, jikin fim ɗin ne.

Wane saiti za a taɓa a talabijin?

A bar yanayin Vivid ko Dynamic, na jan ido ne a shago. A koma Cinema, Movie ko Filmmaker Mode. A rage Sharpness zuwa ƙasa, domin shi ke sa farin zobe a gefen baƙin layi. Sannan a kashe mai sulɓa motsi: TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Fim firam 24 ne, wato hotuna 24, a daƙiƙa, zanen hannu ma sau da yawa zane 12 ne ake maimaita kowanne sau biyu. Talabijin in ta ƙirƙiro nata firam ɗin a tsakani, hannu da ƙafa sukan rabu biyu a lokacin gudu.

Wayar da ke haɗa na'ura da talabijin ma tana da tasiri. Mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta wuce ingancin DVD, ko da Blu-ray aka jona. HDMI ake so. Baƙin fili a sama da ƙasa kuma ba matsala ba ne, faɗin fim ɗin ke nan. Jan hoton ya cika allo yana kumbura fuskoki ne kawai.

Me ya sa kiɗa ke cika ɗaki, magana kuwa sai an kasa kunne?

An haɗa sautin ne don sifika shida, 5.1, kuma kusan duk magana tana sifikar tsakiya. In aka tattara shidan cikin ƙananan sifiku biyu na talabijin, waɗanda galibi ƙasa ko bango suke kallo, kiɗa da ƙara sai su danne murya. A duba jerin sautin faifan a zaɓi Stereo 2.0 in akwai. In babu, a kunna Night Mode ko Dynamic Range Compression a na'urar, wanda ke sassauta ƙara ya ɗago murya, abin da ya dace da gidan da jariri ke barci. Mai cikakken tsarin sifiku ya ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3, ya ajiye ta daidai saitin kunnen mai zaune, ba cikin kabad ba.

Wasu na cewa muryoyi sun fi siranta a DVD. Gaskiya ne?

A na PAL, eh. Firam 24 ake gudu da shi a 25, wato saurin ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fim mai minti 90 ya koma kusan 86, waƙoƙi kuma su ɗan hau sama, sai dai in an gyara amon. Blu-ray yawanci yana barin fim a saurinsa na asali.